Gado mai girgiɗi: ciko, bol da noti, yanke ƙafa ko gyaran daɓe?

Idan gado ya fara girgiɗi, abin da hannu ke fara kaiwa gare shi kwali ne. A yago murfin kwalin taliya ko na sabulu, a ninka shi huɗu, a cusa ƙarƙashin ƙafar da ke lilo, a kaɗe hannu a ce an gama. Kafin wata ya zagayo kwalin ya lotse, girgiɗi ya dawo, wannan karon har da ƙara. A kira kafinta, ya duƙa ya leƙa ya ce, "Alhaji, ai daɓen ne ba daidai ba." A kira birkila, shi ma ya leƙa ya ce gadon ne gurgu. Hanyoyin gyara suna da yawa, daga wadda ba a kashe ko sisi zuwa wadda sai an fitar da kayan ɗaki waje, kuma abu uku ne ke raba gardama a tsakaninsu: girman ratar da ke ƙarƙashin ƙafar, abin da aka yi gadon da shi, da kuma ko ɗakin naka ne ko haya kake.

Tukunyar da ke kan murhu mai duwatsu uku ba ta rawa, ko da dutse ɗaya ya fi sauran tsawo, iyakarta ta ɗan karkace. Ƙafa uku duk inda aka ajiye su sai sun sami wurin zama, ta huɗu ce ke buƙatar ƙasa ta zo mata daidai. Gado kuwa ƙafa huɗu gare shi, babba ma biyar ko shida. Da zarar wani wuri a daɓen ya ɗan faɗa ko ya ɗan taso, sai nauyin ya koma kan ƙafafu biyu na kusurwa da kusurwa, sauran biyun su riƙa karɓa-karɓa wajen taɓa ƙasa. A ce gado da katifa da mutum biyu sun kai kilo 200. Maimakon kowace ƙafa ta ɗauki 50, biyu ne ke fama da kusan 100 kowacce, kuma duk juyin da mai barci ya yi, jikin gadon yana murɗewa. Murɗewar nan ita ke sassauta mahaɗai. Shi ya sa gadon da ya fara da laifin daɓe, in an bar shi ya kwana biyu a haka, yakan wayi gari da laifin kansa.

Don haka kafin a sayi komai, a fara gano mai laifin. Sauke katifa, a bar gadon tsirara, domin nauyin katifa yana danne shi ya ɓoye ratar. Danna kusurwa ɗaya da hannu, ka dubi wadda ke can ɗaya ɓangaren. In ta ɗaga, ka sa alli ka yi alama a jikin ƙafar, ka kuma yi wata a daɓen. Sai ku kama gadon ku biyu ku juya shi rubu'in zagaye, kai ya koma inda gefe yake, ko ku matsar da shi wani ɓangaren ɗakin. In ratar ta bi ƙafar mai alama duk inda ta je, ƙafar ce gajera. In ta tsaya a wurin alamar daɓe ko ta ɓace gaba ɗaya, daɓen ne. Akwai kuma na uku: ƙafafu huɗu duk suna ƙasa daram, amma in ka kama allon kan gado ka girgiza, gadon yana layi gaba da baya. Wannan ba ruwansa da daɓe, mahaɗai ne suka saki, kuma duk cikon duniya ba zai yi masa magani ba.

Ratar ma a auna ta, kada a yi mata kintace. Rular cikin akwatin lissafin yara ta isa. In ratar ta yi ƙanƙanta har rula ba ta nuna ta sosai, tattaro tsofaffin katunan ATM ko irin katin da layin waya ke zuwa a jikinsa. Kaurin kowanne milimita 0.76 ne, wato huɗu sun ɗan haura milimita 3. Danne kusurwa ɗaya har ta taɓa ƙasa, ka riƙa zura katunan ƙarƙashin wadda ta ɗaga har su cika. Yawan katunan da suka shiga shi zai gaya maka wace hanya za ka bi.

A kuma bambance rata da gangare. Magina da yawa sukan karkatar da daɓe kaɗan zuwa bakin ƙofa don ruwan wanke ɗaki ya sami hanya. Gangaren da ya tafi bai ɗaya ba ya sa girgiɗi, sai dai ya karkatar da gadon, mutum ya tashi da safe ya tarar ya gangaro gefe ko matashin kai ya zame. Gangaren santimita 1 a kowace mita ya kusa zama santimita 2 a tsawon gado mai ƙafa 6, wanda santimita 183 ne. Lebur ɗin magina zai nuna wannan, haka ma siririn tiyo mai ruwa a ciki da suke amfani da shi, har wayar hannu ma tana da manhajar da ke yin aikin. In gangare ne, ƙafafu biyu na ɓangaren da ya faɗa ne ke son ɗagawa tare, ba ɗaya ba.

Ko da an tabbatar daɓen ne, a bi mahaɗan gadon a ɗaure su tukuna. Katako yana shan laima da damina ya kumbura, hunturu ya zo ya busar da shi ya tsuke, kuma a faɗinsa yake wannan motsin, ba a tsawonsa ba. Bol ɗin da aka ɗaure tamau a watan Agusta, a Janairu sai ka juya shi da yatsa. Wanda kafintansa ya yi aiki da ɗanyen katako kuwa ya fi kowa ganin haka. A bi kowane bol da sifana, a sa washa a inda babu don kada kan bol ya nutse cikin katako. Ramin sukurun da ya cinye, a cika shi da tsinkayen ashana da farin gam na kafintoci irin su Top Bond, a bar shi ya kwana, a mayar da sukurun. Kusa kuwa a bar ta a inda take: ƙara wa gado mai layi kusoshi tsaga katakon kawai yake yi. Ƙarfe mai kwana guda huɗu, ɗaya a cikin kowace kusurwa, ya fi kusa ashirin.

Hanyar da ta fi kowace araha ita ce matsar da gadon. Masana lissafi sun tabbatar da cewa tebur mai ƙafa huɗu daidai wa daida, da ke tsaye a kusurwowin murabba'i, in ana juya shi a wuri ɗaya a kan ƙasa mai ɗan tudu da kwari, kafin a yi rubu'in zagaye sai an sami inda ƙafafun huɗu suka zauna. Ba wanda zai ajiye gadonsa a karkace a tsakiyar ɗaki saboda wannan, amma sau da yawa matsar da shi taƙi ɗaya ya isa ya sauke ƙafa daga bakin tayil ɗin da ya fi ɗan'uwansa tasowa. A ɗakin tayil, ɗauki mabuɗi ka ƙwanƙwasa wanda ƙafar ke kai. In ya yi ƙara irin ta abin da ba komai a ƙarƙashinsa, siminti bai cika bayansa ba. Irin wannan tayil yana lotsawa in an hau gado, shi ke yin ƙarar da ake ɗora wa katako, kuma wata rana zai tsage. A kawar da ƙafar daga kansa kawai.

Kwali da takarda ba su da wani abin yabo sai cewa suna kusa. Suna lotsewa, suna shan ruwan goge ɗaki su ruɓe, kyankyasai na son su, gara kuma ta fi kowa so. In baƙo ya sauka da daddare, a sa masa kwali ya kwana. Da safe a nemi abin kirki.

Abin kirkin, in ratar ba ta wuce milimita 3 zuwa 4 ba, roba ne. Je wurin mai faci ka karɓi tsohon tif na mota ko na babur, wanda galibi kyauta zai ba ka, ka yanka shi da almakashi daidai faɗin ƙasan ƙafar. In ɗaya bai cika ba a ɗora biyu ko uku, a manne su da gam irin na masu gyaran takalmi, sannan a manne su a ƙasan ƙafar ita kanta, ba a daɓe ba, don in an ja gadon wajen shara su tafi tare. Roba ba ta ruɓewa, gara ba ta cinta, tana kashe ƙara, kuma tana riƙe gado a kan tayil mai santsi yadda ba zai riƙa guduwa daga bango ba. Ni a ganina, in za a sa wa ƙafa ɗaya, gara a sa wa dukkan huɗun falle ɗaya-ɗaya, sannan a ƙara wa gajerar abin da ta rasa. Aibinta biyu ne. In aka tara ta da kauri sosai sai ta zama katifa ita ma, gadon ya riƙa lilo a kanta. Tafin tsohon silifa ma haka yake, yana da laushi da yawa, yakan lotse ya koma rabin kaurinsa. Na biyu, baƙar roba tana barin tabo mai ruwan ƙasa a kan ledar ɗaki, tabon da sabulu ba ya fitarwa. Mai leda mai haske sai ta sa guntun tayil ko faranti na roba mai tauri a tsakani.

Daga milimita 4 zuwa kamar santimita 1, katako ya fi roba. A nan mutane kan yi kuskuren ɗauko weji guda ɗaya mai tsini su buga da guduma. Weji ɗaya gefen ƙafar kawai yake taɓawa, nauyin ya taru a baki ɗaya, kuma girgiɗin yau da gobe yana turo shi waje a hankali har wata rana tsintsiya ta kwashe shi. Weji biyu ake yi, a zura su suna fuskantar juna, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, tsinin wannan ya hau kaurin wancan. Haka samansu yake zama a miƙe, kuma za ka iya ƙara tsawo ko ragewa ta hanyar tura su ko ja da su baya. In an sami daidai, a shafa gam tsakaninsu, a yanke abin da ya fito waje da zarto. Wanda ya fi wannan tsafta shi ne kafinta ya yanko guntun katako mai kaurin ratar cif, ya ɗaure shi a ƙasan ƙafar da sukuru, ya nutsar da kan sukurun don kada ya karce daɓe. A zaɓi katako mai tauri irin maɗaci ko loko. A kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano, ko kowane shagon kafinta, irin waɗannan guntaye a ƙasa suke zube. Farin katako mai laushi yana lotsewa, guntun MDF kuwa, wato allon garin katako da aka matse, da ya sha ruwa sau ɗaya ya gama aiki.

Wace ƙafa za a yi wa cikon? Tunda ƙafafu biyu ne ke karɓa-karɓa, ko wacce aka cike girgiɗi zai tsaya, amma gadon zai ɗan karkata zuwa ɗayar. In ratar ƙarama ce ba wanda zai lura. In ta kai milimita 8 ko 10, a raba ta biyu, rabi nan rabi can, ko a ɗora lebur a ga wace kusurwa ce ta fi faɗawa a ba ta kaso mafi yawa. In dole sai wani ɓangare ya fi wani tudu, wajen kai ya fi dacewa.

Matsalar duk wani ciko ita ce an yi shi ne don wuri ɗaya. A matsar da gadon wancan bango saboda an sayo sabuwar wadirob, ko a tashi daga gidan, sai a koma farko. A nan bol da noti suka yi wa sauran fintinkau, kuma ita ce hanyar da na fi ba mai haya shawara a kai, musamman mai gadon ƙarfe. Aikin ba shi da wuya. A kwance gadon a kai wa mai walda. Zai yanko ɗan faifan ƙarfe ya toshe ƙasan kowace ƙafa, ya huda tsakiyarsa, ya ɗora noti a kan hudar ya kama shi da walda. Gwani yakan ɗaura bol ɗin a cikin notin kafin ya kunna wuta, don notin ya zauna a miƙe kuma tartsatsi kada ya faɗa cikin tiredi. Ka tsaya ka ga ya yi hakan. In notin ya karkace ko kaɗan, bol ɗin zai tsaya da gefen kai, kuma an sake komawa gidan jiya. Daga nan bol zai shiga ta ƙasa, kansa yana kallon daɓe, ya zama shi ne tafin ƙafar.

Daɗin abin shi ne ana iya lissafa shi. Bol mai kaurin milimita 10, wanda ake kira M10, zagaye ɗaya yana ɗaga ƙafa milimita 1.5. Mai milimita 8 yana ɗagawa 1.25. Ratar milimita 6 ke nan zagaye huɗu ne na M10, ba sauran cusa wannan a cire wancan. M8 sifana 13 ke kama shi, M10 kuwa galibi 17. Ga babban gado M10 ya fi, ga gadon mutum ɗaya M8 ya wadatar. A sa noti na biyu a jikin bol ɗin, in an gama daidaitawa a murɗa shi sama ya matse na waldar, in ba haka ba motsin gado zai riƙa kwance bol ɗin a hankali. Duk waɗannan ana samun su a wurin masu sayar da kayan ƙarfe, ko a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko kasuwar Katako a Yamai, kuma kuɗin bol ɗin da notin bai kai na ɗaukar gadon zuwa shagon ba. Akwai kuma na kanti da ke zuwa da tafin roba a haɗe, irin wanda ake gani ƙarƙashin firji da injin wanki. In an samu, ya fi kyan gani.

Sai dai a kiyaye abu biyu. Kan bol ƙarami ne, nauyin da faffaɗar ƙafa ke bazawa yanzu ya taru a wuri kamar girman kwabo. A kan tayil zai iya karce shi ko ya fasa wanda bai cika ba, a kan leda zai huda ta. A sa mai walda ya manna faffaɗar washa a kan bol ɗin, a liƙa mata roba a ƙasa. Sannan kada a kwance bol ya fito da tsawo. Ya wuce santimita 2 a waje, ni ba na yarda da shi, domin ranar da aka ja gadon da ƙarfi zai lanƙwashe. Ratar da ta fi haka, a fara ɗaga wurin da faffaɗan katako, bol ya ƙarasa ɗan abin da ya rage.

Gadon katako ma ana yi masa, in ƙafar mai kauri ce, kamar santimita 5 zuwa sama. Akwai wani noti mai ƙayoyi da ake bugawa cikin katako, amma ba ko'ina ake samunsa ba, kuma yakan zare in an ɗaga gado. Wanda ya fi shi ƙarko, mai walda ya yi maka faifan ƙarfe mai huda huɗu da noti a tsakiya, kafinta ya huda rami a ƙasan ƙafar wanda ya fi tsawon bol ɗin zurfi, ya ɗaure faifan da sukuru huɗu. Siririyar ƙafa ko wadda ta riga ta tsage, a bar ta da ciko, huda ta zai ƙarasa ta.

Gadajen da ake yi wa amare yanzu yawancinsu ba su da ƙafa ma. Allunan MDF ne a tsaye, bakinsu a kan daɓe tun daga kai har ƙarshe, ga ƙaton allon kai mai soso da yadi. Irin wannan gado ba ya nuna girgiɗi sosai da farko, saboda nauyinsa. Abin da yake yi shi ne ya hau kan tudu ɗaya a tsakiyar allo, kusurwowi su rataye, sukurori su fara zarewa. MDF garin katako ne da aka matse da gam, bakinsa ba ya riƙe sukuru kamar katakon gaske, kuma ramin da ya buɗe ba ya komawa. Cikon wuri ɗaya ba ya yi masa. Ko dai a bi ƙarƙashin allon da dogon yankin roba ana ƙara kauri a inda ya rataye, ko kuma, wanda ya fi, kafinta ya sa guntun katako mai tauri a cikin kowace kusurwa, ya ɗaure shi da bol mai ratsa allon zuwa waje, a sa ƙafar daidaitawa a jikin guntun. Ta haka allon zai tashi daga ƙasa da 'yan milimitoci. Wannan ɗagawar kaɗai ta biya kuɗin aikin, domin ruwan goge ɗaki da ke taɓa bakin MDF kullum shi ke kumbura shi ya fara marmashewa tun kayan ba su tsufa ba.

Ƙafar tsakiya ta babban gado, irin mai ƙafa 6 da 6 ko 6 da 7, ita ake mantawa, alhali sau da yawa ita ce ummul'aba'isin. In daɓen ya yi tudu a tsakiya, ko ƙafar ta ɗan fi sauran tsawo, gadon gaba ɗaya a kanta yake juyawa, ka cike wannan kusurwa waccan ta ɗaga. In ta gaza kuma, filankan da katifa ke kwance a kai su lotsa, ƙafar ta riƙa buga ƙasa duk sanda aka zauna. A fara daidaita huɗun kusurwa, ita a bar ta ƙarshe, a sauko da ita har ta taɓa ƙasa ba tare da ta ɗaga komai ba. In akwai ƙafa ɗaya tak da ta cancanci bol da noti a gadon katako, ita ce.

Yanke ƙafa, wanda wasu kafintoci ke saurin kawowa, ba ya halatta sai in gwajin alli ya nuna laifin na ƙafafun gadon ne tun daga shago, ba na daɓe ba. A lokacin ma a kan wuri mai lebur za a auna, a zana layi, a rage kaɗan-kaɗan da samfefa ko zarto. Amma a yanke ƙafar lafiyayyen gado don ta dace da karkataccen daɓe, an mayar da gadon na wannan kusurwar ɗakin ke nan har abada. Kuma aikin yana da jan hannu: a rage wannan, waccan ta zama doguwa, a rage ta, garin neman gira a rasa ido. Ciko in bai yi ba cire shi ake yi. Abin da zarto ya ci kuwa ya tafi.

Gyaran daɓen shi ne maganin asali, amma na mai gida ne, kuma sai in matsalar ta wuce gado. In wadirob ma ƙofarta ba ta rufuwa, madubi ya karkace, ruwa na taruwa a lungu ɗaya, ko ratar ta haura santimita 2, to lokacin kiran birkila ya yi. A sani cewa shafa siririn siminti a kan tsohon daɓe mai santsi ɓarnar siminti ce, yakan ɓamɓare ta baki-baki. Sai an sassare wurin ya yi kaushi, an share ƙura, an jiƙa shi, an zuba kwaɓi mai kyau, kamar awo ɗaya na siminti da uku na yashi, sannan a yi ta ba shi ruwa har mako guda. Siminti ba ya kai cikakken ƙarfin da ake auna shi da shi sai kwana 28, don haka ba a gama yau a mayar da gado gobe. A ɗakin tayil kuwa sai an fasa, ga wahalar samo irin launinsa. Mai haya da ya yi wannan ya yi wa mai gida kyauta, in ma bai jawo wa kansa magana ba. In kuma daɓen faɗawa yake yi yana ƙaruwa, ga tsaga tana bin bango, zancen ya bar gado, ƙasan ginin ne ke zama, a nemi wanda ya san gini ya duba.

Kafet mai kauri yana ɓoye ratar milimita 1 ko 2, ba ya gyara komai. Shimfiɗa faifan filawud ƙarƙashin gado ma haka, faifan zai bi siffar daɓen ko shi ma ya riƙa girgiɗi, ga shi ya zama maɓoyar ƙura da kuɗin cizo. Ɗora gado a kan bulo yana ƙara masa tsawo ne kawai, ratar tana nan, bulon kuma yana marmashewa.

Ɗakin da daɓensa na ƙasa ne lissafinsa daban. A nan ƙafar ce ke haƙa wa kanta rami a hankali, musamman siririyar ƙafar gadon ƙarfe, don haka bol da noti ƙara ɓata lamarin za su yi. Faɗi ake nema. A kankare wurin kowace ƙafa ya yi lebur, a dasa guntun tayil mai kauri ko falalen dutse mai faɗin tafin hannu biyu, a daddale gefensa. Katako a kan ƙasa kai tsaye gayyatar gara ce.

Gado mai hawa biyu na yara ba a yi masa sassauci ko kaɗan. Ratar milimita 3 a ƙasa tana zama lilo mai yawa a can sama, yara kuwa ba a kwance kaɗai suke amfani da shi ba. Bol da noti na biyu a matse, sannan a kama gadon da bango da ƙarfe mai kwana ko da wuri biyu ne. Haka gadon tsoho ko majinyaci da ke dafa gefensa ya miƙe: cikon da ba a manne ba, ranar da ya zame da mutum zai tafi. Wajen sa kowane irin ciko kuma mutum biyu ake so, ɗaya ya ɗaga, ɗaya ya tura da tsinke ko bakin sukurudireba, yatsa kada ya shiga ƙarƙashin ƙafa.

Wanda bai riga ya sayi gadon ba ya fi kowa sauƙi. Masu haɗa kayan ɗakin amarya su gaya wa kafinta tun ranar ba da kuɗin aiki cewa a sa guntayen katako masu tauri a kusurwowi da ƙafafun da ake murɗawa, a kuma haɗa gefunan da bol maimakon kusa. A lokacin ƙarin kuɗin kaɗan ne, domin allunan suna kwance a shago ba a rufe su da yadi ba. Ranar jere kuma a riƙe mai haɗa gadon, kada a sallame shi sai an danna kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya a gabansa, kafin a ɗora katifa.